Domino mai shida-shida ko babban na gwangwani? Ga yadda na same su

Masu tambayata wane domino ya kamata mutum ya saya, wato wasan nan na 'ya'ya masu ɗigo a ɓangare biyu da ake jerawa layi ana haɗa lamba da irinta, ga ra'ayina kan guda biyun da ke hannuna, duk a shago ɗaya na saye su cikin kasuwar Sabon Gari, ɓangaren masu ludo da karta da kayan wasan yara. Ɗaya ƙarami ne mai shida-shida a akwatin katako, ɗayan kuma babban nan ne mai sha biyu-sha biyu da ke zuwa a gwangwani.

Ƙaramin dai wallahi ya biya kuɗinsa. 'Ya'ya 28 ne, daga fanko-fanko (wanda babu ɗigo a duka ɓangarorinsa biyu) har shida-shida, masu kauri da nauyi, in ka tsayar da su a gefensu suna tsayawa ba sai ka riƙe duka a hannu ba, kuma in ka doka ɗaya a benci ƙarar kaɗai ta isa abokin karawarka ya san yau akwai magana. Kowanne akwai ɗan ƙusa a tsakiyarsa, shi ke sa su juya da kyau in an kife ana cakuɗawa, kuma yana hana fuskar gogewa. Amma fa kar ka kuskura ka yi wasa da shi a kan teburin gilas ɗin Hajiya, zai karce shi. Mu a majalisa katako muke ɗorawa kan tabarma shikenan.

Abin da ya sa na fi son sa shi ne lissafi. Kowace lamba tana kan 'ya'ya bakwai, in ku huɗu ne kowa ya ɗau bakwai babu abin da ya rage, to duk mai nutsuwa zai iya ƙirga biyar nawa suka sauka, wa ya wuce a kan uku, sai ka toshe masa hanya da gangan ka buɗe wa abokinka. In ku biyu ne ragowar ta zama kasuwa kamar a whot, ba ka da abin sawa ka ja. Sannan akwai wasan biyar-biyar, wanda ake haɗa ɗigon bakunan layi, in ya ba da biyar ko goma ko sha biyar ka ci maki, misali shida-shida na kwance a wannan baki sha biyu kenan, ka sa uku a wancan bakin, sha biyar ta shiga aljihunka. Yaran gidanmu da wannan suka ƙware a haɗa lissafi da ka ba tare da an yi musu faɗa ba.

Babban kuma, hmm. 'Ya'ya 91 ne, kowace lamba da kalar ɗigonta, ga wata roba ta tsakiya da 'yan ƙananan jiragen ƙasa na wasan Mexican Train da 'yan Amurka ke yi, inda kowa ke jan layinsa sannan akwai layi ɗaya na kowa da kowa. Wasan yana da daɗi in an taru da yawa, ko mutum takwas zai ɗauka, ya dace da gidan da ake cika ranar sallah. Matsalar ita ce cikakken wasa zagaye 13 ne, daga sha biyu-sha biyu ana saukowa har fanko-fanko, in kuka fara bayan la'asar magariba za ta riske ku ba ku yi nisa ba, ga cin wuri. Nawa kuma sirara ne, iskar fanka ma kayar da su take, fentin ya fara dusashewa da gumin hannu, da daddare in an ɗauke wuta ana haska fitilar waya sai ka ga mutum ya kawo shi dab da ido yana ƙirga sha ɗaya ne ko sha biyu. Murfin gwangwanin ma tuni ya lotse.

Akwai na tsakiya mai tara-tara, 'ya'ya 55, shi mutanen Kuba suka fi bugawa, mutum huɗu kowa ya ɗau goma, ragowar sha biyar su kwana a gefe. Ban same shi a shagon ba, da na gwada. Duka biyun nawa 'yan Chana ne, kuma ba abin raini ba ne tunda asalin wasan daga can yake, sai a ƙarni na 18 ya ɓulla a Italiya, sai dai nasu na gargajiya 32 ne kuma babu fanko.

Mai shagon mutumin kirki ne, ya bar ni na zazzage su na jera a gabansa na ƙirga, kai ma kar ka bar wurin ba ka yi haka ba, domin in ɗaya ya ɓace ko biyu suka maimaitu an gama. Ka duba bayansu kuma. Huɗu-huɗun nawa akwai ɗan tabo a baya, yanzu duk majalisa an haddace shi, ana kifewa kowa ke janye hannu. In majalisa za ka kai, sayi mai shida-shida mai kauri, na gwangwani ka bari sai in kana da babban tebur da taron iyali.