Kuɗin shari'ar bashi a Ingila: abin da ke dawowa da abin da ba ya dawowa

Assalamu alaikum Kawu, tare da gaida sauran 'yan kasuwarmu na Sakkwato masu aiko da fata da zoɓo nan Ingila. Kun tambaya ko wanda ya ci shari'ar bashi ana mayar masa da kuɗin lauyansa. Ana mayarwa, amma da iyaka, kuma a wurin iyakar nan mutane ke tafka asara.

Dokar Ingila da Wales ta ce wanda aka kayar shi ke biyan ɗawainiyar wanda ya yi nasara. A gida ma haka ne, sai dai abin da alƙali kan yanke galibi bai kama ƙafar kuɗin lauya ba. A Amurka kuwa kowa lauyansa yake biya, sai in yarjejeniya ko wata doka ta ce ba haka ba.

Idan bashin bai wuce fam 10,000 ba, akan sa shi a sahun ƙananan ƙararraki. A can ba a mayar da kuɗin lauya, sai in abokin shari'a ya yi taurin kai marar dalili. Abin da ke dawowa shi ne kuɗin shigar da ƙara, kuɗin mota, ladan aikin da aka rasa wanda bai wuce fam 95 a rana ba, da kuɗin ƙwararren da ya ba kotu bayani, shi ma iyakarsa fam 750. Wanda ya ɗauki lauya kan bashin fam 6,000 daga cikin kuɗin nan zai sallame shi.

In bashin ya wuce fam 10,000 amma bai wuce fam 200,000 ba, kuɗin shigar da ƙara kashi 5 cikin 100 ne na bashin. Tun 1 ga Oktoba 2023, yawancin ƙararrakin da ba su wuce fam 100,000 ba suna da jadawalin abin da za a mayar. In lauya ya caji fiye da jadawalin, cikon daga aljihunku ne.

Don Allah ku kula da tayin sulhu na rubuce, wanda suke kira tayin Sashe na 36 (na ƙa'idojin kotunsu). In abokin shari'a ya yi muku tayin, akan ba da kwana 21 ku karɓa. In kun ƙi, sannan hukunci bai ba ku abin da ya fi tayin ba, ku za ku biya ɗawainiyar abokin shari'a tun daga ƙarewar wa'adin, ko da ku kuka ci. Kuma tunda a Najeriya kuke zaune, a manyan ƙararraki yana iya roƙon kotu ta sa ku ajiye kuɗin jingina na ɗawainiyarsa kafin a ci gaba da sauraro.