Gawa ta yi magana, amma bincike ya tsaya cik

Kundin da nake sharhi a kansa gajeren labarin binciken kisa ne da wani marubuci mai zaman kansa ya tsara domin wasan Dungeons & Dragons, bugu na 5 da ya fito a 2014, wato wasan da jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa ya zama jarumi a cikinsa, ana jefa ɗan ludo don sanin ko abin da ya gwada ya yi nasara. Na saye shi ta intanet saboda 'yan ƙungiyarmu da ke haɗuwa a Samaru ranar Asabar bayan la'asar, kuma ni ne mai jan ragamar wasan. A cikin labarin, an tsinci gawar wani madugun fatake a masauki, ƙanƙara ta rufe hanya, saboda haka duk wanda ya kwana a gidan abin zargi ne.

Duk wanda ya taɓa jagorantar irin wannan labari ya san inda gizo ke saƙa. Da zarar jarumi mai matsayin malamin haikali ya kai mataki na 5, yana iya amfani da sihirin da ke sa gawa ta amsa tambayoyi 5 cikin minti 10, kuma tambaya ɗaya tak, wato wa ya kashe ka, ta isa ta rushe shirin yini guda. Abin da ɗaya daga cikinmu ya yi ke nan tun kafin a gama duba ɗakin. Sai na tarar marubucin ya riga ya hango wannan: guba aka zuba wa madugun a abin sha, bai ga fuskar kowa ba, kuma tunda gawa ba ta faɗin abin da ba ta sani ba a lokacin rayuwa, sai ta ambaci sunan ɗan'uwan da mamacin ya daɗe yana zargi, alhali ba shi da hannu. 'Yan wasan suka yi caa a kan mutumin banza, suna ganin sun gama aiki. Haka nan ya tanadar wa kowane wanda ake zargi amsoshin da babu ƙarya a cikinsu amma cike suke da kwana-kwana, domin maganin wani sihirin na wasan da ke hana ƙarya. A nan kam na jinjina masa, har na fara yaba kundin a zauren WhatsApp ɗinmu.

Yabon bai yi nisa ba. Hujjar da ke kai mutum ga ainihin mai laifin wasiƙa ce guda ɗaya da aka ɓoye a ƙarƙashin katakon daɓe, kuma ba a ganinta sai jimillar abin da aka jefa da ɗan ludo mai fuska 20 ta kai 18. Kowa ya jefa, babu wanda ya kai. Na bi shafukan ina neman wata hanyar, ko bakin mai hidima ko littafin bashin masaukin, ban samu ba, muka yi ta zagaye wuri ɗaya har aka kira magariba. Abin mamaki ne mutumin da ya yi wa gawa wannan dogon tunani ya rataye labarinsa gaba ɗaya a kan sa'a.

Sannan ga batun hatimi. Wasiƙun da ake miƙa wa 'yan wasa sun bambanta ne da launin kakin da aka liƙe su, ja da kore, mu kuwa a nan baƙi da fari muke bugawa saboda tsadar bugu mai launi, sai dukkansu suka fito toka-toka. Ko layi ɗaya na gargaɗi babu a gabatarwar.

Gogaggen jagora zai ci moriyar kundin idan ya zauna tun kafin ranar wasa ya ƙara wa wasiƙar nan hanyoyi, ya kuma shafa wa hatiman alƙalami mai launi. Sabon shiga kuwa ba na ba shi shawarar ya taɓa shi, musamman yadda dala take a yanzu.