'Ya'yan bargin da muka sayo daga wata gonar kifi

Ƙungiyarmu ta masunta ta yi karo-karo muka sayo 'ya'yan bargi daga wata gonar kifi da ke wajen New Bussa, don mu gwada zubawa a tafkinmu da ke haɗewa da kogi in damina ta kankama. Bargi ya yi ƙaranci a wurinmu, kowa kuma tarwaɗa yake ƙyanƙyasa saboda ita ke kawo kuɗi.

Mai gonar ya san aikinsa, na yaba masa. Ya ce kada mu kuskura mu yanke ciyawar bakin ruwa, domin cikinta bargi ke yin sheƙarsa ya yi ƙwai. Ya kuma nuna mana yadda ake ajiye jarkar da 'ya'yan kifin ke ciki a cikin tafkin tukuna, sai zafin ruwan ya daidaita kafin a sake su. Kifayen lafiyayyu ne, sun kai tsawon yatsa, sai leƙowa suke sama suna shan iska.

Jigilar ce ta ɓata mini rai. An ce da asuba, mota ba ta iso ba sai da rana ta take, wasu sun mutu a jarka. Ya cike mana gurbinsu, amma sai da muka yi ta bugun waya. Mai son saye ya je da motarsa.