Yinin jirgi a tekun Zanzibar: Menai, Mnemba ko Nakupenda?

Duk wanda ya sauka Zanzibar da niyyar leƙen ƙasan teku, gilashi a fuska, bututun numfashi a baki, wurare huɗu za a yi ta yi masa talla: Menai, Mnemba, Nakupenda da Chumbe. Ni dai Menai nake tura mutane.

Mashigin Menai yana kudu maso yammacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, an keɓe shi don kare halittun teku tun 1997, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 470. Daga ƙauyen Fumba ake tashi da safe a jirgin katako. A fara yada zango a tudun yashin da ke fitowa idan ruwa ya janye, inda wanda bai iya iyo ba zai koyi numfashi da bututun, ƙafarsa na taka ƙasa. Sannan a matsa kan duwatsun murjani, ka kifa fuska ka ga ƙananan kifaye masu zane-zane suna wucewa dab da hancinka. Da azahar a sauka tsibirin Kwale, a ci gasasshen kifi da shinkafa da miyar kwakwa, mutum ya yi sallarsa a tsanake. Akwai wata tsohuwar kuka can da ta faɗi amma ta ci gaba da tofo. Ga mai iyali ko ango da amarya, ban ga kamarsa ba.

Mnemba, ta arewa maso gabas, ruwanta ya fi haske, amma tsibirin na otal ne, ba a barin ka taka shi, ga jiragen inji suna rububin dolfin kamar 'yan acaba sun hango fasinja. Nakupenda, tudun yashi kusa da Stone Town, tsohon garin Zanzibar, wurin ɗaukar hoto ne. Chumbe ta fi kowa lafiyayyen murjani, sai dai tsada, kuma mutane ƙalilan ake karɓa a rana, dole ka kama gurbi tun da wuri.

Inda ake cin mutane shi ne wajen sayen tikiti. Sunan Safari Blue, wanda aka san wannan yawon na Menai da shi, na kamfani guda ne, amma yau kusan duk mai kwalekwale da shi yake talla. Wani saurayi a bakin teku ya taɓa sayar mana da irin wannan a farashi mai daɗi. Rigunan ceto ba su kai yawanmu ba, robar gilashina ta tsage, ruwan gishiri na kwarara cikin hanci. Muna tsakiyar teku matuƙin ya ce wai ba a haɗa da kuɗin shiga yankin da aka keɓe ba, kowa ya kawo. A nan wa zai yi gardama?

Don haka kafin ka zaro ko shilin ɗaya, a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: motar zuwa Fumba, abinci, kuɗin shiga. Kada ka biya duka ga wanda ba shi da ofis. Ƙirga rigunan ceto da idonka kafin a kunce igiya, har da na yara. Manna gilashin a fuska, ka ja iska da hanci. In bai kama ba, a sauya maka. Wanda ya rantse maka lallai za ka ga dolfin, ƙarya yake.

Ka kuma tambayi lokacin janyewar ruwa na ranar, don in teku ta cika tudun yashin nutsewa yake yi. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, ruwa kan gurɓace, gara ka kauce musu.