Gyaran cimar ɗalibi: rana ɗaya ko sannu a hankali?

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ya ƙudura gyara cimarsa yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ya yanke maiƙo da lemun kwalba rana ɗaya, sai dai yunwar dare takan mayar da shi teburin mai shayi kafin mako ya zagayo.

Ta biyu, a ganina, ta fi dacewa da aljihunsa: ya fara karya kumallo da kunun gero da ƙosai, in ya saba ya rage sukarin shayi, sannan ya haɗa shinkafa da wake da dambun zogale, domin wake yana riƙe ciki har a tashi daga darasin yamma. Furar da ba a cika wa sukari ba ma tana wadatarwa da rana.