Electrum da matsalar Bitcoin mai maƙalewa a hanya

Duk wanda ya jima yana karɓar kuɗi ta Bitcoin ya san wannan ciwon kai: an turo maka, ka ga alamar kuɗin a waya, amma sun ƙi tabbata. Mai turowa yana rantsuwa ya biya, kai kuma ba halin ka canza su zuwa naira. Abin da ya kai ni ga Electrum ke nan, walet (manhajar ajiya da tura Bitcoin) ɗin da Thomas Voegtlin ya fitar tun 2011, kuma da shi nake karɓar ladan aikin zane da nake yi wa mutanen ƙasashen waje. Hukuncina a kansa shi ne ya raba ni da biyan masu "gaggauta ciniki", domin ashe maganin yana hannun mai walet.

Sai an fahimci layin kafin a ga amfanin manhajar. Kusan kowane minti goma masu haƙo, wato masu tabbatar da ciniki, suke fitar da bulok ɗaya, wato ƙunshin cinikayyar da aka tabbatar, kuma wurin da ke cikinsa ƙayyadadde ne. Cinikin da bai samu shiga ba yana zaune a zauren jira da ake kira mempool. Kamar tasha ce da direba ke fara ɗaukar wanda ya fi biya, kuma girman kayanka yake dubawa, ba darajarsu ba. Shi ya sa tura Bitcoin na naira dubu goma da na miliyan goma za su iya cin caji ɗaya. Ana auna cajin da sat/vB, wato satoshi nawa kan kowane baiti, satoshi miliyan 100 kuwa su ne Bitcoin ɗaya. Ranar da layi ya cika, kamar watan Afrilun 2024 da aka rage ladan masu haƙo da rabi kuma tsarin Runes na ƙirƙirar sabbin kuɗaɗen intanet a kan Bitcoin ya fito a rana guda, wanda ya sa ƙaramin caji sai dai ya nemi tabarma.

Idan ni na tura, abin ba wuya. Electrum yana aiki da tsarin RBF, wato maye gurbin ciniki da wani mai caji mafi tsoka, wanda ya shiga Bitcoin Core, babbar manhajar Bitcoin, tun 2016. Na danna cinikin da ya maƙale, na zaɓi ƙara caji, na ja ma'aunin sama kaɗan, sabon ciniki ya maye gurbin tsohon. Wannan ya canza yadda nake tura kuɗi gaba ɗaya. Yanzu da ƙaramin caji nake farawa, in buɗe shafin mempool.space in ga inda na tsaya a layi, sai in mai karɓa ya matsa sannan in ƙara. Sau da yawa ma layin yakan ragu da kansa a ƙarshen mako, kuɗin su wuce ban ƙara ko sisi ba.

Inda ya fi burge ni shi ne lokacin da wani ne ya turo, don a nan ba ni da ikon taɓa cajinsa. Wani da na yi wa aiki ya biya ni da caji na satoshi (sat) 3 kan kowane baiti a ranar da layin ke neman wajen 20. Na yi masa magana ya ƙara, ya ce walet ɗinsa ba shi da wannan maɓalli. Sai na yi amfani da dabarar CPFP, ɗa ya biya wa uba: ka kashe kuɗin da ba su tabbata ba ta hanyar tura wa kanka, da caji mai tsoka. Mai haƙo ba zai iya ɗaukar ɗan ba sai ya haɗa da uban. Cinikinsa baiti 141 ne, ya biya sat 423. Nawa baiti 110. Jimilla 251, a kan sat 20 ya kama 5,020, saura 4,597 a wuyana. Electrum ne ya yi wannan lissafin, ni dai amincewa kawai na yi, kuma kafin in gama sallar la'asar duka biyun sun shiga bulok ɗaya. Na so a ce shi ya biya, amma ya fi mini zaman jiran da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Galibin kwamfutocin da ke riƙe da layin sai bayan mako biyu suke yar da cinikin da bai tabbata ba.

Masu gaggauta ciniki na gaske suna nan. Kamfanin haƙo na ViaBTC na da irin wannan hidima, mempool.space ma haka, kuma suna da rana idan ba kai ke riƙe da makullan walet ɗin ba, misali kuɗin na shiga asusunka na kasuwar musaya. Amma a Telegram da WhatsApp akwai waɗanda za su karɓi kuɗinka su sake watsa cinikin kawai, abin da ba ya matsar da kai ko taku ɗaya a layi. Wanda kuwa ya nemi kalmomin sirri goma sha biyu na walet ɗinka don ya "saki" kuɗin, ɓarawo ne, ba wata magana.

Wajen rage caji tun farko, adireshin da Electrum ke bayarwa mai farawa da bc1q ne, na tsarin SegWit da ya fara aiki a Agustan 2017. Cinikin da zai ci baiti 226 a tsohon adireshi mai farawa da 1, a nan 141 ne. Wani abin da mutane ba sa lura da shi: kowane kuɗi da aka turo maka guntu ne mai zaman kansa, kuma kowane guntu yana ƙara wajen baiti 68 ranar da za ka kashe shi. Mai karɓar ƙananan kuɗi da yawa zai ga cajinsa ya kumbura ya rasa dalili. Electrum yana nuna guntayen ɗaya bayan ɗaya, don haka ranar da layi ya yi sanyi nakan haɗe su wuri guda da caji kaɗan.

Ba walet ɗin kowa ba ne. Bitcoin kaɗai yake ɗauka, saboda haka mai harkar USDT, kuɗin intanet mai bin darajar dala, wanda mafi yawan 'yan kasuwarmu suka fi riƙo da shi, ba abin da zai tsinta a nan. Fuskarsa ta tsohon yayi ce, kuma ni na kwamfuta ya fi mini daɗin aiki a kan na waya. Yana da Lightning, hanyar biya ta gaggawa a gefen babban layi, tun fitowar siga ta 4.0 a 2020, inda kuɗi ke isa cikin daƙiƙu, sai dai buɗe tashar biya ita ma ciniki ce da ke bin layi da caji, don haka mai tura kuɗi jefi-jefi ba lallai ya ci ribar ba.

Wanda zai sauke, ya rubuta electrum.org da hannunsa. A ƙarshen 2018 ɓarayi sun riƙa aiko da saƙon ƙarya na "sabunta manhaja" ta cikin tsofaffin sigogi, mutane da dama suka sauke jabu, aka kwashe musu kuɗi.