NetDevOps Survey: abin da rahoton ya tsinana mini a aikin netwok a Kaduna

Sana'ata kula da netwok ce. Ina aiki ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa makarantu da otal-otal da ƙananan asibitoci intanet, daga Barnawa har Kawo, kuma galibin rautocin da muke sakawa, wato na'urorin da ke rarraba intanet, na kamfanin MikroTik ne, na ƙasar Latbiya, saboda su ne aljihun kwastomominmu yake iya ɗauka. Yau ina so in yi magana ne a kan wani abu da ba a saya da kuɗi: rahoton binciken jin ra'ayin injiniyoyi da ake kira NetDevOps Survey, wanda ya shafi yadda ake sa na'urorin netwok su riƙa yin aiki ta atomatik.

An gudanar da shi a 2016 da 2019 da 2020. Injiniyoyi ne da kansu suka shirya shi, kuma sun zuba amsoshin a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, duk mai so ya sauke ya duba. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaga darajarsa a idona. Akwai rahotanni da yawa da masu sayar da kaya ke ɗaukar nauyinsu, sai ka ba da imel da lambar waya kafin a buɗe maka, kuma idan ka kai ƙarshe za ka tarar maganin kowace matsala shi ne kayan wanda ya biya kuɗin binciken. A wannan kuwa kana ganin tambayar yadda aka yi ta, kana ganin amsar yadda ta zo.

Babban amfanin da na samu shi ne sanin ta inda zan fara. A da, idan za a canza saiti a wurare da dama, Winbox, manhajar saita rautocin MikroTik, nake buɗewa in shiga rauta ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma sai na hau mashin na je wurin da kaina. Na san akwai hanyar da ta fi wannan, amma sunayen manhajoji sun yi mini yawa, kowa yana yabon tasa. Rahoton ya nuna Ansible, manhajar da ke aika saiti ga na'urori da yawa a lokaci guda, na kan gaba a cikin abin da masu amsa suke amfani da shi, tare da harshen rubuta manhaja na Python da kuma Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayil. Wannan ya ishe ni hujja. Inda jama'a suka fi yawa, nan ne za ka fi samun wanda ya riga ka faɗawa matsalar da ke gabanka, ya kuma rubuta yadda ya fita. Ansible kuma ba ya bukatar a girka komai a cikin rautar. Ta SSH yake shiga, wato amintacciyar hanyar shiga na'ura daga nesa, akwai kuma ƙunshin umarni na musamman da aka tanada don RouterOS, manhajar da ke tafiyar da rautocin MikroTik.

Na fara da abu mafi sauƙi. Kowane dare wata tsohuwar kwamfuta a ofis tana shiga rautocinmu, ta kwaso saitin kowanne, ta ajiye a Git. Wanda bai taɓa aiki da damina a garin nan ba, ba zai gane girman wannan ba. Tsawa ta ƙona rauta a wata makaranta a Unguwar Rimi, na ɗauki sabuwa na zuba mata saitin daren jiya, kafin a tashi tara ɗalibai sun koma kan kwamfutocinsu. A baya irin wannan aikin yini guda yake ci, ina ta kokawar tuna wane adireshi na ba wace na'ura.

Sai amfani na biyu, wanda ban yi tsammani ba. Maigidana a wurin aiki dattijo ne mai tsantseni, ba ya son a taɓa abin da ke aiki. Da na nemi ya ba ni lokaci a cikin sa'o'in aiki in koyi wannan fanni, sai ya ce, "Kai yaro, wa ka ga yana yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ga su nan," na nuna masa jadawalin. Rahoton yana da sashe a kan yadda mutane suka koya da yadda suka samu lokacin koyon, kuma wannan sashen ne ya fi zama a kai. Maganata kaɗai da ba ta motsa shi ba.

Amma dole mai karatu daga nan ya fara duba su wane ne suka amsa tambayoyin kafin ya kalli kowane jadawali. 'Yan ɗaruruwa ne, galibi daga Amurka da Turai, kuma mutane ne da suka kawo kansu saboda dama suna sha'awar abin. Wanda bai damu da atomatik ba, ba zai ma ji labarin binciken ba, balle ya cika shi. Saboda haka in ka ga kaso mai yawa suna amfani da wata manhaja, kada ka ɗauka duniya ce gaba ɗaya ta wuce ta bar ka. Sannan damuwarsu daban take da tamu. Mu nan abin da ke kashe mana netwok shi ne ɗaukewar wuta, da batirin inbata da ya gaji, da masu haƙa kwalbati da ke datse waya. Lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024, babu rubutaccen umarnin da zai gyara su. Wanda ya tsira shi ne mai layi na biyu daga wani kamfanin daban.

Akwai kuma haɗarin da alƙaluma ba sa nunawa sosai. Umarni ɗaya da ke gyara na'urori hamsin a lokaci guda, shi ne kuma zai iya kashe hamsin ɗin. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa wani umarni ne da aka bayar yayin gyara ya katse manyan layukansu, manhajar da ya kamata ta tare shi kuma tana da matsala. Shi ya sa duk sabon saiti sai na gwada a kan rautar da ke teburina, sannan wuri ɗaya mafi kusa da ofis, kafin sauran.

Ga ɗalibin da ya gama Kadpoly ko KASU yana tunanin me zai ƙara a kan ilimin netwok ɗinsa, ina ba shi shawara ya zauna da rahoton 2020 ya karanta shi a natse, musamman sashen manhajoji da na yadda aka koya. Ya tuna dai shekaru sun ja, abubuwa sun ƙaru, don haka ya haɗa da bibiyar jawaban AutoCon, taron masu wannan fanni da ƙungiyar Network Automation Forum ke shiryawa tun 2023. Babban burina kuwa shi ne ƙungiya irin ngNOG, ta masu kula da netwok a Najeriya, ta shirya mana namu binciken, mai tambaya a kan sola da janareta da MikroTik. Ranar da aka fitar da fom ɗin, zan cika, in kuma bi abokan sana'ata na Kasuwar Barci da titin Ahmadu Bello ɗaya bayan ɗaya su ma su cika.